Mai Keke da Hanyar Dogo: Gargaɗi Game da Matsallaka Mai Karkata

Lacca domin hakimai da magatakardansu

 Maganar da wannan lacca ta ƙunsa ita ce ta masu hawan keke da wuraren da hanyarsu ke tsallake hanyar jirgin ƙasa, musamman inda hanyar ba ta gitta dogo sosai ba, sai a karkace. An ɗauki Kamazou da unguwannin da ke kewaye da ita a kudancin kogin Kaduna don misali, amma abin da za a faɗa ya shafi kowace gunduma wadda dogo ya ratsa, tun daga Zariya har Kano, da Gusau, da Kauran Namoda, da Nguru.

Kowa ya san jirgi abin tsoro ne, ko yaro ya ji kukansa ya kan kauce. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ƙarfen dogo shi kansa ya kan ka da mai keke ko da babu jirgi ko ɗuriyarsa. Allunan gargaɗi da aka saba kafawa kusa da matsallaka duk maganar jirgi su ke yi. Ba su gaya wa mai keke cewa akwai tarko a ƙarƙashin tayarsa. Wannan giɓi ne a ke so hakimai su sani, su kuma taimaka a toshe shi.

Yadda dogo da hanya suka haɗu a karkace

Dogo ya girmi yawancin unguwannin Kaduna. An fara shimfiɗa hanyar jirgi daga Baro cikin 1907, ta ƙetare kogin Kaduna, ta isa Kano cikin 1911. Sai cikin 1917 ne Gwamnati ta taso daga Zungeru ta mai da Kaduna babban birnin Arewa. Bayan haka aka jawo wata hanyar daga Fatakwal, ta biyo ta Inugu da Makurɗi da Kafanchan, ta zo ta haɗu da ta farko cikin 1927 a tashar Kaduna Junction, kudu da kogi. Saboda haka kudancin Kaduna ya zama mahaɗar hanyoyi uku: ta Ikko, da ta Kano, da ta Gabas.

A lokacin nan yawancin ƙasar da ke kudu da tasha gonaki ne da ƙauyukan Gbagyi. Da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri cikin 1957, aka kuma buɗe matatar mai a hanyar Kachia cikin 1980, sai jama'a suka yi ta kwarara. Makera da Kakuri suka cika, Barnawa da Narayi da Sabon Tasha suka bunƙasa, gari ya yi ta miƙewa har ya haɗiye Kamazou, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Chikun. Mutumin Kamazou da ya nufi kasuwa ko wurin aiki a kudancin gari bisa kekensa, ba wuya tafiyarsa ta haɗa shi da dogo, ko dai babbar hanyar Kafanchan wadda ta fita ta wajen Sabon Tasha, ko kuwa ɗaya daga cikin rassan da ke kewayen tasha.

Dalilin karkatar kuwa shi ne, jirgi ba ya iya yin kwana mai tsanani, ba ya kuma iya hawan tudu mai tsayi. Don haka masu awo su kan zaɓar masa hanyar da ta dace da shi, ba ruwansu da inda gari zai fuskanta nan gaba. Sa'ad da gari ya zo daga baya, sai tituna da turbobin ƙafa su bi tsarin filaye da gonaki, su tarar da dogo ta duk fuskar da ta samu. Wani wuri su gitta shi sosai, wani wuri su shige shi a kaikaice, kamar yadda mahauci ke yanka nama a karkace. Ba laifin kowa ba ne, amma gyaransa ya rataya a wuyan kowa.

Abin da ke ka da mai keke

Wanda ya duba ƙafar jirgi da kyau zai ga tana da leɓe ta gefen ciki. Wannan leɓe shi ke riƙe jirgi bisa dogo, ya hana shi gocewa. To, inda hanya ta hau kan dogo, a kan cike tsakanin ƙarafan biyu da kwalta ko kankare ko katako don ababen hawa su wuce, amma tilas a bar wata 'yar tsaga a jikin kowane ƙarfe ta ciki, inda leɓen nan zai bi. Faɗin tsagar ya kan kai inci biyu da rabi zuwa uku. Tayar keke kuwa, irin babban keken nan na Raleigh da 'yan'uwansa da aka saba da su a ƙasar Hausa, faɗinta inci ɗaya da rabi ne. Watau tsagar ta fi tayar faɗi nesa ba kusa ba.

In mai keke ya gitta dogo sosai, tayarsa ta kan tsallake tsagar kamar yadda mutum ke tsallake 'yar kwata, ba abin da zai ji sai ɗan girgiza. Amma gwargwadon karkatar hanya, gwargwadon tsawon ramin da tayar za ta ƙetare. Ga lissafin, bisa tsaga mai inci biyu da rabi. In kusurwar da ke tsakanin hanya da dogo digiri 90 ce, watau gicciye sosai, ramin inci biyu da rabi ne. In ta sauko zuwa digiri 30, ramin ya zama inci 5. In ta sauko zuwa digiri 10, watau hanya da dogo sun kusa jerawa, ramin ya wuce inci 14. A nan tayar gaba ba ta tsallakewa, faɗawa ta ke yi, tsagar ta kama ta, ta ja ta ta bi dogo.

Ga inda haɗarin ya ke. Keke ba ya tsayuwa da kansa. Mahayi ya kan riƙe shi ne da 'yan juye-juyen da ya ke yi wa kan keken, dama da hagu, ko da bai san yana yi ba. Da zarar tsaga ta kama tayar gaba, kan keke ya daina juyawa. Taya ta bi dogo, jikin mahayi kuwa ya ci gaba ta inda ya nufa tun farko, sai ƙasa. Abin ba ya ɗaukar ko ƙiftawar ido, kuma gwaninta ba ta hana shi. Wanda ya shekara talatin yana hawa ya kan faɗi kamar ɗan koyo.

Akwai kuma santsi. Kan dogo ƙarfe ne sumul, roba ba ta kama shi kamar yadda ta ke kama kwalta. In ruwa ya taɓa shi, ko raɓa, ko baƙin mai, sai ya zama kamar sabulu. Ko tayar ba ta faɗa tsaga ba, in ta hau ƙarfen a karkace ta kan zame gefe. Damina a Kaduna doguwa ce, ta kan kai wata shida, ruwa kuwa ya fi ƙarfi cikin Agusta da Satumba. A watannin nan ne kuma ruwa ke zaizaye bakin kwalta, ya bar ƙarfen a tsaye bisa hanya kamar dakali.

Abubuwa uku ke ƙara wa abin muni. Na farko kaya: mai ɗauke da buhun masara ko jarkokin ruwa ko itace a kariya, nauyinsa na baya, ba ya iya gyara keke in ya fara tangaɗi. Na biyu, ƙarafan biyu ne. Wanda ya tsira daga na farko da ƙyar ya kan tarar da na biyu kafin ya daidaita. Na uku, wanda ya fi duka, mota. Mai keke da ya faɗi a matsallaka cikin titi ya ke faɗuwa, in kuwa akwai babbar mota a bayansa, sai abin da Allah ya yi.

A ɗauka manomi ne ya fito da asuba zai kai doya kasuwa, an yi yayyafi da dare. Ya iso dogo, ya duba dama da hagu kamar yadda aka koya masa, bai ga jirgi ba, ya taka feda. Ya bi doka duka, amma ya faɗi ya karye a hannu. Wata biyu ba noma, ga kuɗin ɗori, ga iyali. Tun da ba jirgi a ciki, ba mota a ciki, ba wanda zai kai rahoto ko'ina. Maƙwabta su ce tsautsayi ne, in faɗuwa ta yawaita a wurin har a fara cewa yana da iskoki. Da haka wuri guda ke cin mutane shekara da shekaru ba tare da an rubuta ko layi ɗaya ba.

Kada kuma a ce dogon da jirgi ya daɗe bai bi ba ya daina ɓarna. Mafi yawan masaƙun Kakuri sun rufe tun shekarun 2000, zirga-zirgar jirage a tsohuwar hanya ta ragu ƙwarai bisa ga yadda ta ke a dā. Amma ƙarfen yana nan, tsagarsa tana nan. Ita ba ta jiran jirgi kafin ta kama taya.

Abin da aka gani a wata ƙasa

Wannan ba matsalar Kaduna kaɗai ba ce. A birnin Knoxville na jihar Tennessee a Amurka akwai wani titi a bakin kogi wanda dogo ya ratsa a karkace ƙwarai, kusurwarsa kamar digiri 10. Malaman Jami'ar Tennessee suka kafa na'urar ɗaukar hoto tana kallon wurin har kimanin wata biyu cikin 2014. Masu keke fiye da 13,000 suka wuce, fiye da 50 suka faɗi. Da aka buga sakamakon cikin 2017, abin da ya fito fili shi ne, kusurwar da mahayi ya bi ita ce babban dalili. Waɗanda suka gyara hanyarsu suka tsallaka a kusurwar da ta wuce digiri 30, faɗuwa ta ragu ƙwarai a cikinsu. Waɗanda suka wuce digiri 60 kuwa ba a ga faɗuwarsu ba. Hukumar birnin ta yi wa hanyar keke wata 'yar lanƙwasa don mahayi ya fuskanci dogo sosai kafin ya hau shi, matsalar ta kwanta.

Darasi biyu ke nan. Na ɗaya, in ba a zauna an lura ba, ba za a san yawan masu faɗuwa ba, don yawancinsu su kan tashi su karkaɗe riga su tafi. Na biyu, maganin ba mai tsada ba ne. Ba a ta da dogo ba, ba a gina gada ba. Hanyar keke kaɗai aka juya.

Alamun da a ke da su, da wadda ta rage

Ƙasashe da yawa sun daidaita bisa alamun hanya a wata yarjejeniya da aka yi a Biyana cikin 1968, alamun da a ke gani a hanyoyin ƙasar nan kuwa yawancinsu irin su ne. Game da dogo, ga waɗanda ya kamata kowane magatakarda ya sani. Allo mai kusurwa uku da jan baki, da hoton shinge a ciki, ma'anarsa akwai matsallaka mai ƙyaure a gaba. In hoton kan jirgi ne a ciki, matsallakar ba ta da ƙyaure, kowa shi ne mai gadin kansa. Sa'an nan a bakin dogo akwai alamar sanduna biyu gicciye, wadda ke nuna daidai wurin. A waɗansu wurare a kan ƙara jar fitila da ƙararrawa, ko mutum mai tuta.

Duk waɗannan suna da amfani, kada a raina ko ɗaya. Jirgi mai nauyi in yana cikin gudu ya kan ci kilomita guda ko fiye kafin ya tsaya, ba ya kuma iya kaucewa. Amma babu ɗayansu da ke faɗin fuskar da dogo ya shigo hanya. Don haka ne Amurka ta sa wata alama ta dabam cikin littafin alamunta: allo rawaya, da hoton hanya a miƙe, da hoton dogo ya ratsa ta a karkace, karkatar kuwa ta gefen da ta ke a zahiri. Waɗansu birane masu jiragen cikin gari, kamar Portland, sun ƙara da allo mai hoton mai keke yana faɗuwa, tayarsa ta maƙale a dogo. Wanda bai taɓa shiga makaranta ba ma, in ya ga hoton ya gane.

Irin wannan allo ne ya kamata a roƙa wa kowace matsallaka mai karkata. Domin ya yi amfani, a lura da sharuɗɗa biyar.

1. Hoto shi ne gaba, rubutu ya biyo baya. Kamazou gari ne na ƙabilu da yawa, ba kowa ke karanta harshe ɗaya ba. In za a yi rubutu a taƙaita, a yi shi da Hausa da Turanci, a ƙara da ajami inda jama'a suka fi saba da shi. Kalmomi kaɗan sun isa, kamar a ce: Mai keke, gitta dogo sosai, ko ka sauka.

2. A kafa shi da ɗan nisa kafin dogo, yadda mahayi zai sami sararin rage gudu ya waiwaya. Allon da ke bakin ƙarfe ya makara.

3. A kafa shi ta ɓangarori biyu, kowanne a hannun daman mai zuwa, gama tun 2 ga Afrilu 1972 hannun dama a ke bi a ƙasar nan.

4. A yi shi da fenti mai ƙyalli in haske ya taɓa shi, saboda masu fita da asuba da masu komowa da dare, da kwanakin hazo na hunturu.

5. Kada rumfar mai shayi, ko reshen itace, ko takardun talla su rufe shi.

Amma a sani allo rabin magani ne. In an ce wa mai keke ya gitta dogo sosai, tilas a ba shi wurin da zai yi haka ba tare da ya shiga gaban mota ba. Hanyar da ta fi ita ce a faɗaɗa gefen titi kafin dogo, a yi masa lanƙwasa kamar hannun buta, mahayi ya ɗan fita gefe, ya juyo ya fuskanci ƙarfen, ya tsallake, ya koma hanya. Masana aikin hanya sun fi son kusurwar ta kasance tsakanin digiri 60 da 90. Akwai kuma wata roba da a ke cusawa cikin tsaga, wadda ke lotsawa in jirgi ya taka, amma ba ta dace ba sai a rassan da jirgi ke tafiya sannu a hankali, shawararta kuwa ta injiniyoyin reluwe ce.

Abin da za a koya wa masu keke

Kafin allo ya iso, ilmi na iya isa. Ga abin da ya kamata dagatai da masu unguwa su sanar, a kuma maimaita a makarantu da masallatai da majami'u da wuraren masu gyaran keke.

1. A rage gudu tun daga nesa. A gama taka birki kafin a hau ƙarfe, kada a taka a kansa.

2. A duba jirgi dama da hagu, a kasa kunne. Inda dogo ya shigo a karkace, ɗaya gefen yana bayan kafaɗar mahayi ne, sai ya juya wuya sosai zai gani.

3. A waiwaya a duba mota, a miƙa hannu don na baya ya san za a goce.

4. A juya keke ya fuskanci dogo sosai, a riƙe kansa da hannu biyu, a miƙe har tayar baya ta wuce ƙarfe na biyu, sa'an nan a koma hanya. Kada a yi kwana bisa ƙarfe.

5. In ana ruwa, ko akwai kaya masu nauyi, ko goyo, ko cunkoson motoci, ko duhu, a sauka a tura. Sauka ba abin kunya ba ne. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

6. In mutane suna tafiya ayari, su bar rata tsakaninsu, don in na gaba ya faɗi kada na baya ya hau shi.

7. Wanda ya faɗi, in yana iya tashi, ya fara janye jikinsa daga kan dogo kafin ya tuna da kaya. Ba buhun da ya kai rai.

Gargaɗin nan ya shafi masu babur, da masu tura baro da kurar ruwa, da masu keken guragu, gama duk ƙaramar taya abincin tsaga ce. Direbobi kuma a gaya musu su ba mai keke fili a kusa da dogo, kada su wuce shi a daidai wurin, kada su matsa masa da ham.

Aikin hakimi da magatakarda

Hakimi ba shi da ikon taɓa dogo. Hanyar jirgi da filin da ke gefenta suna hannun Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa cikin 1955. Titi kuwa yana hannun Gwamnatin Tarayya, ko ta jiha, ko ƙaramar hukuma, gwargwadon irinsa. Kula da lafiyar masu bin hanya aikin Hukumar Kiyaye Haɗurra ce, wadda aka kafa cikin 1988. To, wurin da ke da iyayen gida da yawa shi ya fi saurin zama maraya, kowa na tsammanin ɗan'uwansa ya gani. Abin da hakimi ke da shi, wanda babu ofishin da ke da shi, shi ne sanin ƙasarsa taki-taki, da kunnen talakawa. Ga yadda za a yi amfani da su.

Da fari, magatakarda ya buɗe shafi a littafin gunduma, ya rubuta kowane wuri da hanya ta tsallake dogo, babba da ƙarami, har da turbobin da jama'a suka buɗe da ƙafarsu. A rubuta sunan unguwa, da irin hanyar, da alamun da ke wurin, da waɗanda suka faɗi ko suka ɓace, da halin da kwalta ke ciki a bakin ƙarfe.

Na biyu, a auna karkatar. Wannan ba ya bukatar injiniya, igiya da ma'auni sun isa. Faɗin tsohuwar hanyar jirgi, tsakanin ƙarfe da ƙarfe ta ciki, ƙafa 3 da inci 6 ne. Sai a miƙa igiya daga ƙarfe zuwa ƙarfe, amma ta bi fuskar da titi ya nufa, a auna tsawonta. In ta tsaya kusa da ƙafa 3 da rabi, hanya ta gitta sosai. In ta kai ƙafa 4, kusurwa ta sauko wajen digiri 60, nan ne iyakar lafiya. In ta kai ƙafa 5, digiri 45 ke nan, wurin yana bukatar allo. In ta kai ƙafa 7, digiri 30 ke nan, a ja masa jan layi a littafi, a sa shi farko cikin rahoto. Wannan awo na tsohuwar hanya ne kaɗai. Sabuwar da aka buɗe cikin 2016 daga Abuja zuwa Rigasa ta fi faɗi, ƙafa 4 da inci 8 da rabi ce, lissafinta dabam. A yi awon da sanin ma'aikatan reluwe, da rana, mutum biyu, ɗaya na awo ɗaya na duban jirgi.

Na uku, a tara labarin faɗuwa. Masu gyaran keke da masu ɗori da masu sayarwa a bakin hanya su ne suka fi kowa sani. Mai unguwa ya riƙa tambayarsu, ya kawo wa magatakarda: rana, da lokaci, da ko an yi ruwa, da irin raunin. Ba a bukatar sunan wanda ya faɗi. Wasiƙar da ta ce wurin nan yana da haɗari a kan ajiye ta. Wasiƙar da ta ce igiya ta kai ƙafa 7, kuma mutum kaza sun faɗi cikin wata uku, tana da wuyar ajiyewa.

Na huɗu, hakimi ya aika da rahoton ta hanyar da aka saba, zuwa fadar sarki da shugaban ƙaramar hukuma, a ba shugaban tashar jirgi da ofishin kiyaye haɗurra kwafi. In an yi shiru a sake tunawa bayan wata guda, musamman kafin faɗuwar damina.

Abubuwan da za a hana

Wani lokaci jama'a, da kyakkyawar niyya, su kan cike tsaga da duwatsu ko siminti ko guntun katako don kekuna su wuce lafiya. Lalle a hana wannan. Tsagar hanyar leɓen ƙafar jirgi ce. In an toshe ta da abu mai tauri, ƙafar na iya hawa bisa, jirgi ya goce. A garin tsare hannun mutum ɗaya sai a jawo asarar rayuka da yawa. Ko an ga an daɗe jirgi bai bi ba, ba wanda ya san ranar da zai biyo.

Haka kuma a hana buɗe sababbin matsallakai ba da izini ba, gama irinsu ne suka fi karkata, tun da mai yanke hanya ba ya awo. A sa ido bisa masu cire alluna da ƙarafa su sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe. Wanda ya cire allon gargaɗi ya haƙa wa maƙwabcinsa rami ne, wataƙila ma ɗansa ne zai faɗa. A kuma roƙi masu kasa kaya su ja baya daga bakin dogo, don mai zuwa ya ga hanya.

Kammalawa

Keke abin hawan talaka ne: da shi ɗalibi ke zuwa makaranta, lebura ke zuwa aiki, manomi ke kai amfanin gona kasuwa. Masu shi ba su da ƙungiya mai ƙarfi da za ta yi magana da yawunsu, in ba shugabanninsu na gargajiya sun yi ba. Abin da a ke nema ba mai yawa ba ne: shafi guda a littafi, igiya guda, wasiƙa guda, da sanarwa a bakin masu unguwa. Ana fata kafin ruwan farko na bana kowane hakimi da dogo ya ratsa ƙasarsa zai san yawan matsallakan da ke cikinta, ya san wadda ta fi karkata, ya kuma sa an gaya wa mutanensa yadda za su bi ta. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kiyaye matafiya, ya ba sarakuna da hakimai ikon riƙon amanar jama'a, ya zaunar da ƙasa lafiya. Amin.